Kwalin da Ya Jira Dambu

Kai mai karanta wannan, ko ɗa ne kai a gidan nan, ko suruka, ko jikan da bai iso ba tukuna, ka gyara zama ka karanta har ƙarshe, kuma ban yarda a yi mini dariya a tsakiya ba. Wasiƙu ne tsakanina da babban ɗana, mai jirgin ruwa a Yanbu, wanda yake kai mutane yawon teku. Ni Halimatu, a Kano na yi sakandare kafin aure ya kawo ni Madina, unguwar Ƙurban. Da na ga Larabci yana neman cinye Hausar yarana, sai na kafa doka: duk wanda ya yi nisa ya rubuto mini wasiƙa da hannunsa, da Hausa, ya ɗauki hotonta ya turo wayar autata Sundus. Ni ma haka nake mayar da amsa. Shi ɗan fari ne, saboda haka ba na faɗar sunansa, ba na kuma kiransa a waya. Haka aka rene ni. Ku karanta ku ga inda kawaicinmu ya kusa kai mu, sannan ku kiyaye.

*

Yanbu, farkon Muharram

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya. Yaya gwiwa? Sundus ta ce ciwon ya dawo tun da kika koma zuwa Masallacin Ƙuba a ƙasa ranar Asabar. Don Allah ki bari a riƙa kai ki a mota, Umma. Ina gaida Baffa Lurwanu da iyalinsa. Ina gaida Sundus da karatu, da maƙwabciyarmu Hajiya Zuliha. Ita kuma na'ana'ar saman bene, ta tsira daga zafin bana?

Ni lafiya ƙalau. Hutun makaranta ne, masu haya sun yi yawa, kullum sai na fita da wani iyali zuwa wajen duwatsun murjani, su yi iyo, su kama kifi, in dawo da su. Ina salla a kan lokaci, ko a cikin jirgi ne. Ina cin abinci, sai dai kifi ya fara isata.

Sai wata 'yar magana, ba mai nauyi ba. Wani kwali zai iso gida da sunana, domin adireshina na hukuma har yanzu nan ne. Ƙarfen jirgi ne. Injin jirgina a ciki yake, amma ƙafarsa, wadda take ɗauke da farfela, tana waje ta baya. In jirgi ya ɗauki gudu sai ya taso sama, rabin ƙafar na ƙasa yana cikin ruwa, na sama yana fili, rana tana dukansa, haƙoran giya kuma suna ta juyawa a ciki suna ƙara masa zafi. Abin da na saya bututu ne mai ƙananan huji da ake ɗaurawa a jikin ƙafar. Gudun jirgi ne yake tura ruwan teku ya hau bututun, ya fesu a samanta ya sanyaya ta. A nan dush muke ce masa, wato shawa. In ya iso, Umma kuma ta sami sarari, a taimaka a aiko mini. Ba gaggawa, duk yadda ya yi miki sauƙi.

Ɗanki,
Abdulfattah

*

Ƙurban, Madina

Zuwa ga yayan Sundus,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, kuma zuwa Ƙuba a ƙasa ba zan daina ba don Sundus ta iya kai rahoto. Baffanku yana amsawa. Hajiya Zuliha ta ce ka rame a hoto. Na'ana'a tana nan, domin ni ba na barin abin da na shuka ya mutu.

Rubutunka ya fara kwanciya gefe kamar mai jin barci. Ka riƙa zama a kan tebur in za ka rubuto mini.

Kwali ya iso. Na buɗe, domin babu abin da zai kwana a gidana ban san mene ne ba. Na ga bututun naka, yana ta ƙyalli. Na kira Sundus na ce ta karanta mini takardar ciki, ta ce, "Ya Ummi, dush ne, na makina." Na ce to, mun kai zamanin da inji ma sai an yi masa wanka. Marigayi Abbanku ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa mota tsakanin Makka da Madina a cikin rana, ban taɓa jin ya sa wa motarsa shawa ba. Ku yaran yanzu duk abin da aka nuna muku a waya sai kun saya. Ka kuma san ra'ayina a kan ɓarnar ruwa. A gidan nan ruwan alwala ma ba a zubarwa, shuka ake ba wa. Ka yi tunani a kan wannan.

Duk da haka kayanka ne, za a aiko maka. Sundus ta ce a ba kamfanin aika kaya. Na ce a'a. Ɗan gidan nan ba a tura masa busasshen ƙarfe a hannun baƙo, ba ko abin sa wa a baki, mutane su ce ba shi da kowa a Madina. Baffanku zai kai dabino Yanbu ƙarshen wata, lokacin ɗanyen dabinon gonakin Ƙuba ya gama nuna. Kafin nan zan yi maka dambun nama, in daka yaji, in busar da na'ana'a. Sai a haɗa da ƙarfen naka a tafi da su gaba ɗaya, tunda ka ce ba gaggawa.

Ka riƙa azkar kafin ka shiga ruwa. Kada ka ɗauki wanda zai kunna maka kiɗa lokacin salla. Ka sa hula.

Umman Sundus

*

Yanbu, ranar Alhamis

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A gaida Baffa, a gaida Sundus mai rahoto. A ce wa Hajiya Zuliha ban rame ba, hoton ne. Yau a kan tebur nake rubutu, ki duba ki gani.

Maganar ruwa, Umma ki kwantar da hankali. Ruwan teku ne, daga teku yake hawowa, cikinta yake komawa, ko cokali ba ya raguwa. Ita kuma motar Abba, Allah ya jiƙansa, tana da lagireto, ku ne dai ba ku kira shi shawa ba.

Na gode da dambu, tun yanzu na fara jin ƙamshinsa. A sa yaji sosai.

Ƙafar jirgin ta fara yin fari-fari a sama kamar an shafa mata alli, in na tsaya kuma ruwa ya taɓa ta sai in ga ɗan tururi. Amma ina lallaɓawa. In na yi gudu kaɗan sai in rage, ƙafar ta nutse ta huce, sannan in ci gaba. Masu haya suna ɗauka don su ga teku nake yi. Allah ya kai mu ƙarshen watan.

Ɗanki,
Abdulfattah

*

Ƙurban, ƙarshen Muharram

Zuwa ga yayan Sundus,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka, ko da yake ba ni da hanyar sani.

Na amsa wasiƙarka ta ranar Alhamis, na ce maka lallaɓawa alheri ce, gudu ba ya ƙara wa mutum arziki. Ba ka amsa ba. Na sake rubutawa na gaya maka motar Baffanku tana gareji, tafiyarsa ta ɗaga zuwa wata mai kamawa. Nan ma shiru. Sundus ta kira ka ba ka ɗauka ba, sai daga baya ka buga mata kalma biyu da Larabci, wai kana lafiya. Kalma biyu a waya ba wasiƙa ba ce. Ban rene ka ka riƙa amsa wa manya ta bakin ƙanwarka ba.

In faɗan da na yi a kan shawa ne ya ɓata maka rai, to ka sani uwa ba ta neman izini kafin ta yi faɗa. In kuma aiki ne ya yi yawa, babu aikin da ya kai a hana shi layi uku.

Dambu ya yi. Na zuba shi a gwangwanin madara manya, na rufe. Jiya Sundus ta same ni na buɗe ɗaya ina dubawa, ta ce, "Ummi, halas, ya isa haka, ki kira shi mana, ga lambar." Na ce ta ajiye wayar ta je ta kwashe shanya. Ta ce, "Wallahi ku biyun nan kun fi ƙarfina." Ka ga irin bakin da ta yi tun da ka bar gida.

Ranar Asabar ban je Ƙuba ba. Ba gwiwa ba ce. Na tsaya ne ko wayar Sundus za ta yi ƙara.

Ka rubuto.

Umman Sundus

*

Yanbu, cikin Safar

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kina lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Ina gaida Baffa Lurwanu, Allah ya sa motar ta tashi. Ina gaida Sundus da Hajiya Zuliha. Yaya zafi, yaya shuka? Ki gafarce ni a kan shiru. Wallahi ba fushi ba ne, wane ni. Ki kuma gafarce ni a kan rubutun nan, da hagu nake yi.

Umma, wani ɗan abu ne ya faru, amma ya wuce. Na ɗauki wani dattijo da 'ya'yansa maza biyu, mun yi nisa sosai. Bayan azahar dattijon ya riƙe ƙirji, gumi ya rufe shi, ya zame daga kujera. Babban ɗan ya ce mini, "Kyaftin, don Allah!" Ba ni da abin yi sai gudu. Na sanar da masu ceto ta rediyo, na ba jirgi wuta gaba ɗaya. Na san ƙafar tana ƙonewa a baya, ina jin warin mai, amma ba halin in rage ta huce kamar yadda na saba, mutum yana kwance a gabana.

Mun hango gari ke nan sai na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Inji yana kuka, farfela ta tsaya. Iska kuma ta fara tura mu wajen duwatsun murjani. Na jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, da sauri, igiyar ta zuge a tafin hannuna na dama kafin in samu in ɗaure ta, ta tafi da fata. Amma anka ta kama. Jirgin ceto ya iso ya ɗauki dattijon da ɗansa ɗaya. Ni da ɗayan kuma wasu masunta suka ja mu zuwa gaɓa kafin magariba.

Dattijon yana raye, Umma. An sallame shi daga asibiti, har ya aiko mini da zuma. Hannuna yana naɗe, a asibiti an ce zai warke, yatsu duka suna motsi. Shi ya sa ban rubuto ba. Na san in na buga a waya za ki tambayi ina hannu, in na rubuta da hagu za ki gane, sai na ce bari in jira ya warke. Da na ga wasiƙarki ta ƙarshe na kasa jira.

Ƙafar jirgi tana wajen makanike. Ya buɗe samanta, haƙoran sun yi shuɗi don zafi, man ya koma kamar baƙin shayi. Ya ce za ta gyaru. Ya tambaye ni ina dush, na ce yana hanya.

Ƙaddara ce, babu laifin kowa. Kada ki sa wa ranki komai.

Ɗanki,
Abdulfattah

*

Ƙurban, yau ɗin nan

Hannun. Wane likita ne yake duba shi? Ana wanke shi kullum? Wa yake dafa maka abinci? Ka amsa waɗannan kafin komai.

Assalamu alaikum.

Na karanta wasiƙarka a tsaye. Sai da na wuce gwiwata, na wuce motar Baffanku, na wuce Hajiya Zuliha da shuka, sannan na iske ɗana a tsakiyar teku iska tana tura shi kan dutse. Ka tambayi lafiyar na'ana'a kafin ka gaya mini fatar hannunka ta tafi. Wannan wane irin hankali ne?

Na ɗauko wasiƙunka biyu na baya na sake karantawa. Ka ce ba mai nauyi ba. Ka ce ba gaggawa. Ka ga tururi yana tashi daga ƙarfen da yake ɗauke da rayukan mutane, ka sa shi a ƙasan takarda, bayan maganar yaji. Ni ban san teku ba. Iyakata da ruwa famfo da Zamzam. In ba ka ce mini abin nan tsakaninsa da rai ne ba, ta ina zan sani? Me ya hana ka faɗa? Tambaya nake yi, ina son amsa.

Kwalinka ya bar Madina. Ban jira Baffanku ba, ban jira Sundus ta gama neman takalmi ba. Na sa abaya na tare mota na je kamfanin aika kaya da kaina. Ma'aikacin ya miƙo mini alƙalami ya ce, "Ya Hajja, sunan mai karɓa." Na ce a rubuta yayan Sundus. Ya ce ba su da wannan a kwamfuta. Sundus ta iso tana haki ta ce ta karɓa ta rubuta, na ce ta bari, na rubuta da hannuna. Za ka gani a jikin kwalin. Ba sai ka yi magana a kai ba.

Ya tafi shi kaɗai, ba dambu ba dabino. Duk wanda zai ce ba ka da kowa a Madina ya faɗa.

Kada ka jiƙa hannun. Ka yi taimama in likita ya hana ruwa, Allah ya san halin da kake ciki.

*

Yanbu, ranar Talata

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Hannu ya yi sauƙi, an cire naɗi, yau da dama nake rubutu. Likitar wata 'yar Najeriya ce, Dakta Ruƙayyatu, ta yi mini faɗa da Hausa kamar ke kika aiko ta. Abinci kuma matar maƙwabcina ce take aikowa.

Kin ce kina son amsa. Umma, tun muna ƙanana kika koya mana ba a faɗa wa babba magana sau biyu, ba a kuma shiga da buƙata kafin gaisuwa. Da kika ce sai ƙarshen wata, kina kuma tsaye a kan wuta kina yi mini dambu da ciwon gwiwa, na ɗauki alƙalami in ce a bar dambu a turo ƙarfe, sai na ji ba zan iya ba. Kamar in ce ƙarfe ya fi hannunki. Sai na rubuta maganar tururi, na ce ko za ki gane. Na manta ba ki taɓa ganin ƙafar jirgi ba.

Kwali ya iso. An gama gyara, mun ɗaura bututun jiya. Da safe na fita gwaji ni da makanike. Da jirgi ya taso sai ga ruwa yana fesowa ta hujin nan, yana lulluɓe saman ƙafar, rana tana haska shi. Mun yi gudu mai tsawo ba tsayawa. Da muka rage na leƙa, babu tururi. Na ɗora hannu, na hagu, ɗumi ne kawai kamar kofin shayin da ya huce.

Kin ce kada in yi magana a kan jikin kwali, ba zan yi ba. Na dai yanke wajen da almakashi, yana cikin jirgi, kusa da sitiyari, a cikin leda don kada ya jiƙe. Rubutunki bai kwanta gefe ba ko kaɗan.

Yanzu kuma, Umma, yaya gwiwa? A gaida Baffa, da Sundus, da Hajiya Zuliha, da na'ana'a. Dambu fa, da gaggawa.

Ɗanki,
Abdulfattah

*

Ƙurban, ranar Asabar, bayan na dawo daga Ƙuba

Zuwa ga yayan Sundus,

Wa alaikumus salam. Dambu ya taso da asuba a motar Baffanku, da yaji, da na'ana'a. Ɗanyen dabino ya wuce lokacinsa, sai ka yi haƙuri da busasshe. Gwangwani ɗaya na dattijon nan ne, ka kai masa da kanka ka ce ina yi masa sannu. Ɗaya na matar maƙwabcinka. Kada ka cinye na mutane.

Sundus ta nuna mini bidiyon da ka turo. Na ga ruwan yana fesuwa. Na sa ta maimaita mini shi har ta ce wayarta za ta mutu. Maganar ɓarnar ruwa na janye ta. Maganar hula ban janye ba, na ga kanka a buɗe.

Na karanta amsarka. Abin da na koya muku gaskiya ne, kuma ba zan ce ku daina gaida manya ba, ko bayan raina. Amma na koya muku shi ne don ku zama mutane, ban koya muku don a ja mini ɗa da igiya daga bakin dutse ba. Kai ka yi kawaici, ni na yi kawaici, ƙarfe kuma yana can yana ƙonewa, bai san muna yi ba. Yau a Ƙuba na yi raka'a biyu na gode wa Allah da abin ya tsaya a fatar hannu.

Sundus ta sa lambarka a wayata. Ta rubuta sunan da ta ga dama, ban hana ta ba.

Ummanka

Ga doka. Na sa Sundus ta kwafe ta manna a jikin firij, kai ma ka manna taka a jirgi. Daga yau a gidan nan, duk abin da ya shafi rai, ko lafiya, ko sana'ar da mutum yake ci da ita, a layin farko za a rubuta shi, daga sallama sai shi, a kuma faɗi ranar da ake bukatarsa. In ban gane ba a maimaita. In na yi faɗa a sake maimaitawa. In takarda za ta yi jinkiri a kira ni a waya, ko ɗan fari ne, zan ɗauka. Gaisuwa ta biyo baya, kuma a yi ta cikakkiya, har da Hajiya Zuliha.